Kifin Teku Tsakanin Mai Kaso da Mai Shaida

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa teku ya hore shi ga bayinsa, ya zuba a cikinsa halittun da babu wanda ya san adadinsu sai shi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai mai karatu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata jayayya ce da ta tashi a ƙasa mai nisa da mu ƙwarai, wato Niyuzilan, tsibiran nan da ke kudu maso gabas da Ostireliya a cikin tekun Fasifik. A watan Fabrairu na 2025 ministan teku da harkokin su na ƙasar, Shane Jones, ya fitar da shawarwarin gyara dokar su ta 1996, ya nemi jama'a su faɗi ra'ayinsu. Manyan kamfanonin kamun kifi suka yi maraba. Masu fatsa da ƙungiyoyin kare halittu da mazauna bakin gaɓa da yawa suka ce ba su yarda ba, suka aika da takardun ƙin amincewa dubbai. Galibin mutanen nan ba Musulmi ba ne, ba kuma da littattafanmu na fiƙihu ake yi musu hukunci ba. Sai dai mas'alar da suke ja a kanta tsohuwa ce a wurin malamanmu: dukiyar da Allah ya sa ta zama ta kowa da kowa, wa zai ƙayyade ɗibarta, wa zai yi shaida a kan mai ɗiba, kuma mene ne matsayin wanda ya ga ɓarna ya tsawata.

Ka sani cewa ruwan da ƙasar take da iko da shi ya haura murabba'in kilomita miliyan 4, kusan ninki goma sha biyar na tudunta, alhali mutanenta miliyan biyar ne da 'yan kai. A farkon shekarun 1980 kifin kusa da gaɓa ya ja baya saboda yawan jirage, sai hukuma ta fito da wani tsari a ranar 1 ga Oktoba 1986. Ga yadda yake: minista zai yanke iyakar tan ɗin da za a kama na kowane irin kifi a kowane yanki, sannan a raba wannan iyaka kaso-kaso. An ba masunta kason gwargwadon abin da suka saba kamawa a shekarun baya, ba su biya kuɗinsa ba, kuma an ba su shi har abada, suna sayarwa, suna bayar da haya, suna jinginarwa a banki. Kafin haka, a 1983, an riga an kori masu su na wucin gadi daga sana'ar, waɗanda ke haɗa noma da koma, don haka ranar rabo ba su samu komai ba. Da tafiya ta yi tafiya manya suka saye na ƙanana, kaso mai yawa ya taru a hannun kamfanoni irin su Sanford da Sealord da Talley's. Masunci da yawa a yau haya yake biya wa mai kaso kafin ya jefa taru.

A nan ɗalibin hadisi zai tuna da Abyad ɗan Hammal. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa ya zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙi a yanka masa wurin gishirin Ma'arib, aka yanka masa. Da ya juya sai wani mutum a majalisin ya nusar da cewa abin da aka ba shi tamkar ruwa ne mai ɓuɓɓuga wanda ba ya yankewa. Nan take Annabi ya karɓe kyautar. Malamai suka fitar da hukunci daga wannan cewa ma'adinin da yake a sarari, wanda jama'a duka ke bukata, shugaba ba shi da ikon mallaka wa mutum ɗaya shi. Akwai kuma hadisin da ya sanya mutane tarayya a ruwa da makiyaya da wuta. Wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid a zaure zai kuma tuna cewa an hana sayar da kifin da ke cikin koguna da tafkuna, domin ciniki ne na garari, mai sayarwa bai riƙe abin a hannunsa ba, bai kuma san yawansa ba. Lauyoyin Niyuzilan za su ce kason nan izinin kamawa ne, kifi ba na kowa ba ne sai an kama shi. Maganarsu daidai ce a takarda. Amma izinin da ba ya ƙarewa, ana gadonsa, ana karɓar bashi da shi, mai shi zai ɗauke shi kamar gonarsa, duk ranar da aka ce a rage kamu zai ji an taɓa masa dukiya. Wannan ne tushen duk rikicin da ya biyo baya.

Ban ce tsarin ba shi da alheri ba. Ya tsayar da tseren da ake yi na kowa ya kwashe kafin ɗan'uwansa, kuma wasu ire-iren kifi sun farfaɗo a ƙarƙashinsa. Ya kuma zama sanadin mayar da wani haƙƙi ga masu shi. Ƙabilar Maori, 'yan asalin tsibiran, suna da yarjejeniyar Waitangi ta 1840 wadda ta tabbatar musu da wuraren sunsu. Da suka ga gwamnati na raba abin da ba ta saya daga gare su ba, suka kai ƙara, kotu ta dakatar da rabon a 1987. Aka yi sulhu a 1992, aka ba su dala miliyan 150 ta ƙasar su sayi rabin kamfanin Sealord, da kashi 20 cikin 100 na kason duk irin kifin da za a shigar cikin tsarin nan gaba. Saboda haka Maori a yau suna tsaye a ɓangarori biyu: ga masu kaso a cikinsu, ga kuma dattawan gaɓa masu kukan ƙarewar abincin kakanninsu. Shi kansa ministan Bamaore ne, ya taɓa shugabantar hukumar da ke riƙe da kason Maori, ya kuma shugabanci Sealord. Wanda ya ɗauki rigimar a matsayin faɗan Turawa da 'yan asali bai fahimce ta ba.

Aibin da ya fi girma yana ga ilimin da ake gina iyakar a kansa. Makiyayi yana ƙirga shanunsa da ido, amma kifi ba a ƙirga shi sai da kirdado da lissafi. Dubi abin da ya faru da wani jan kifi na can ƙasan teku da ake kira orenj rafi. An fara kama shi sosai a 1979 a tudun ƙarƙashin ruwa na Chatham, aka yi ta kwasarsa dubban tan kowace shekara bisa zaton cewa yana hayayyafa kamar sauran kifaye. Daga baya aka gane cewa yana rayuwa fiye da shekara 100, kuma ba ya fara saka ƙwai sai ya kai shekara ashirin da wani abu ko talatin. Kifin da aka soya a Amurka a 1988 mai yiwuwa an ƙyanƙyashe shi tun kafin Turawa su ci Kano. Kafin a farga an rage wasu garkunansa zuwa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, har aka rufe yankin Challenger gaba ɗaya a 2000. Duk wannan cikin doka aka yi shi, da kaso da takarda da sa hannun minista. Allah Maɗaukaki ya ambata a Suratul An'am cewa dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu, ya kuma faɗa a Suratur Rum cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda aikin hannun mutane. Al'ummar da ta ɗauki ƙarni tana taruwa a cikin duhun ruwa, aka cinye mafi yawanta a shekara ashirin, tana cikin abin da ayar nan ta ƙunsa.

Sai mas'alar shaida, wadda ita ce zuciyar maganata. Jirgin da ke jan taru a nisan mil hamsin daga gaɓa babu mai ganinsa sai Allah. Taru kuwa ba ya zaɓe: yana haɗo ƙananan kifi, da irin da masunci ba shi da kasonsa, da tsuntsaye, da dolfin. Idan ya kawo kifin da ba shi da kaso zuwa tasha, tara ce mai nauyi. Idan ya zubar da shi matacce a teku bai rubuta ba, ya tsira. An daɗe ana raɗe-raɗin haka, har 2016 ta zo da abu biyu. Masu bincike na Jami'ar Oklan da abokan aikinsu suka fitar da nazarin da ya kiyasta cewa abin da aka kama daga 1950 zuwa 2010 ya ninka abin da aka kai rahotonsa ga Majalisar Ɗinkin Duniya sau 2.7. Hukuma da kamfanoni sun yi jayayya da wannan adadi. Abin da ba su iya jayayya da shi ba shi ne rahoton cikin gida da ya fallasa a 2016 ɗin, na wani bincike da ma'aikatar ta yi wa laƙabi da Achilles: an sa kyamara a wasu jiragen da ke tashi daga Timaru, aka ga ana zubar da kifi ba bisa doka ba, amma ba a gurfanar da kowa ba. Aka naɗa babban lauya Michael Heron ya duba, ya ce shawarar ƙin gurfanarwar tana da naƙasu. Ka lura da kyau, ya ɗan'uwa: ma'aikata ta ga hoton da idonta, ta yi shiru, kuma jama'a ba su sani ba sai da takarda ta sulale ta fita.

Wannan abin kunya ne ya haifar da gyaran 2022, wanda ya tsananta wajibcin kawo kifin da aka kama tudu, da kuma sanya kyamarori a jiragen kusa da gaɓa daga Agusta 2023, har suka kai jirage fiye da 200. Da aka kwatanta rahotannin masunta kafin kyamara da bayanta, sai aka ga dolfin da ake cewa an kama ya ninka kusan sau bakwai, tsuntsun albatros sau uku da rabi, kifin da ake cewa an zubar ya ƙaru da kusan rabi. Dolfin ba su ƙaru a teku cikin 'yan watanni ba. Alƙalamin da ke cika takardar ne ya san yanzu ana kallonsa. Mumini na karanta wannan ya ji kunya a madadin ɗan Adam, domin mala'iku masu rubutu suna cikin jirgin tun kafin a ɗaura kyamara.

To me gyaran 2025 ya nema? Ya nemi minista ya iya yanke iyakar kamu ta shekaru har biyar a zama ɗaya. Ya nemi a halatta zubar da kifi a teku idan akwai kyamara ko jami'in sa ido, a lissafta shi cikin kason mai jirgi. Ya nemi a cire hotunan kyamarorin daga ƙarƙashin dokar samun bayanan hukuma ta 1982, yadda ɗan jarida ko ɗan ƙasa ba zai iya nemansu ba. Da majalisar ministoci ta amince a watan Agusta na 2025, sai aka ƙara da taƙaita lokacin ƙalubalantar hukuncin minista a kotu zuwa ranakun aiki 20.

Adalci ya wajabta a ji hujjar kamfanoni, kuma ba ta rasa ƙarfi ba. Suka ce jirgi wurin aiki ne kuma wurin kwana, ma'aikaci yana da haƙƙin a suturta shi, kada a yanko daƙiƙa goma na hotonsa a watsa a Facebook a mayar da shi abin tsinuwa. Suka ce tilasta wa ƙaramin jirgi ya ɗauko kifin da ba mai saye, ya cika masa rumbun ƙanƙara, a ƙarshe a kai shi juji, wahala ce marar amfani. Suka ce shari'o'in da ba sa ƙarewa suna hana mai sana'a tsara gobensa. Musulmi ba zai raina hujja ta farko ba, domin Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Amma malaman hisba sun bambanta gidan mutum da kasuwarsa. Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tarin, yatsunsa suka ji danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tuhume shi da rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma barranta daga mai algus. Mutane aka ce su gani, masu saye, ba mai kula da kasuwa kaɗai ba. Abin da ke fitowa daga taru dukiyar jama'a ce ake ɗiba, don haka dandalin jirgi a lokacin jan taru kasuwa ce, ɗakin kwana ne gida. Ana iya dusashe fuskar ma'aikaci, a ɓoye sunan jirgi, a bar abin da ke cikin tarun a bayyane. Da a ce sutura kaɗai ake nema, wannan ya wadatar. Cewa jami'an ma'aikata za su ci gaba da kallo ba ya kwantar da hankalin wanda ya tuna 2016.

Hujja ta biyu ma tana da amsa. Wahalar ɗauko kifin da ba a so ita ce ke tura mai jirgi ya sauya idon tarunsa, ko ya ƙaurace wa wurin da ƙananan kifi ke taruwa. Idan aka sauƙaƙa zubarwa, wannan matsin ya ragu. Nasa'i ya ruwaito gargaɗi a kan wanda ya kashe ɗan tsuntsu ba da haƙƙinsa ba, aka fassara haƙƙin da cewa ya yanka ya ci, kada ya cire kai ya yar. Ina ga tan na rayuka da aka jawo daga zurfi aka mayar matattu?

Game da kotu kuwa, dubi abin da ƙofarta ta haifar. A 2021 ƙungiyar Forest & Bird ta yi nasara a babbar kotu a kan kifin tarakihi na gabashin ƙasar, wanda ya ragu zuwa ƙasa da kashi 20 cikin 100 na asalin yawansa, kotu ta ce minista ya yi kuskure a yadda ya tsara lokacin farfaɗo da shi. A 2022 wata ƙungiyar lauyoyin muhalli tare da wasu dangin Maori na arewa suka yi nasara a kan lobsta, babban jatan landen nan na cikin duwatsu, domin ba a yi wa minista cikakken bayanin abin da ƙarancinsa ke jawowa ba. Lobsta da manyan kifin tamure su ne ke cin bushiyar teku da ake kira kina. Idan suka ƙare sai bushiyar ta yawaita ta cinye dajin ciyawar ruwa, duwatsu su zama fako, ƙananan kifi su rasa mafaka. Irin waɗannan ƙararraki sai an tattara masana da kuɗi da takardu. Kamfani yana da lauya a ofis kullum. Ƙungiyar da ke rayuwa da gudummawa, ko dattawan wani ƙauyen gaɓa, kwana ashirin zai wuce ba su gama karanta hukuncin ba. Ƙa'idar fiƙihu ta ɗaure tasarrufin shugaba a kan talakawa da maslaha, kuma shugaban da ya yanke hukuncin shekara biyar ya bar wa mai ƙorafi wata guda ya sauƙaƙa wa kansa, ya tsananta wa wanda zai nuna masa kuskurensa.

Alƙur'ani ya ba da labarin wata alƙarya ta bakin teku a Suratul A'araf, masu tafsiri da yawa suka ce Aila ce, a gaɓar Bahar Maliya. An hana mutanenta su ranar Asabar, sai kifi ya riƙa zuwa a fili ranar Asabar ya ɓace sauran ranaku, jarrabawa daga Ubangijinsu. Ba su fito suka ce sun soke hanin ba. Dabara suka yi: su kafa taru da ramuka tun Juma'a, kifi ya faɗa ranar Asabar, su kwashe Lahadi. Lafazin doka yana nan, abin da aka kafa ta dominsa ya tafi. Allah ya tsare ni da jingina hukuncin waɗancan ga wani mai rai a yau. Hukunci nasa ne shi kaɗai. Abin da nake ɗauka shi ne siffar dabarar. Dokar 1996 ta ce manufarta amfani da kifi tare da tabbatar da ɗorewarsa, kuma babu wanda ya nemi goge wannan jumla. Kyamara za ta zauna a jirgi, kotu za ta zauna a birni. Sai dai hoton ba mai ganinsa daga waje, ƙofar kotun kuma tana rufewa kafin mai nisa ya iso.

Mutanen alƙaryar sun kasu uku: masu ƙetare iyaka, masu tsawatarwa, da waɗanda suka ce wa masu tsawatarwa me zai sa su wahalar da kansu a kan mutanen da halaka ta riga ta hau kansu. Masu tsawatarwa suka ce suna neman uzuri ne a wurin Ubangijinsu, kuma wataƙila a ji tsoro a daina. Ayoyin suka ambaci tsirar masu hani da kamun masu zalunci, suka yi shiru a kan kashi na uku. An ruwaito a tafsirin Ɗabari da na Ibnu Kasir cewa Ikrima ya tarar da Ibnu Abbas yana kuka da Mushafi a cinyarsa saboda wannan shirun, yana tsoron kada ya shafi duk mai ganin abin ƙi ya kame bakinsa. Ikrima ya yi ta nuna masa cewa su ma sun ƙi aikin a zuciyarsu har sun faɗa, sai da ya gamsu cewa sun tsira, ya yi masa kyautar tufafi. Idan malamin al'umma ya yi kuka a kan makomar mai shiru, to tsohon da ya zauna a Oklan ya cika takardar ƙin amincewa, yana sane da cewa gwamnati na da rinjaye a majalisa, bai yi aikin banza ba.

Masu tsawatarwar kansu ba waliyyai ba ne. Babbar muryarsu ita ce LegaSea, wadda majalisar ƙungiyoyin masu fatsa ta kafa a 2012. Sun nuna ƙarfinsu a 2013, lokacin da aka kawo shawarar rage tamure da mai fatsa zai ɗauka a rana daga tara zuwa uku. Ƙasar ta ɗauki zafi, aka tsaya a bakwai, aka ɗaga mafi ƙanƙantar tsawon da zai ɗauka zuwa santimita 30, alhali na kamfani ya zauna a 25. Kukansu a kan wannan bambanci gaskiya ne. Amma masu fatsa dubban ɗaruruwa ne, abin da suke kamawa na tamure a gaɓar Oklan ba kaɗan ba ne, kuma ba a wajabta musu rubuta shi ba. Mai neman a sa wa wani ido ya kamata ya yarda a ƙirga nasa. Ina yaba musu wani aiki guda da suka soma a 2016 tare da wata cibiyar Maori a unguwar Mangere: suna tattara kawunan kifi da ƙasusuwa masu nama waɗanda a da ake zubarwa, suna raba wa iyalan da ke ɗaukarsu abinci mai daraja. Duk wanda ya san daɗin kan tarwaɗa a farfesu zai yi mamakin cewa sai da aka kafa shiri kafin a daina yar da shi.

Magani mafi tsufa shi ne a ware wuri a hana taɓa shi, abin da fiƙihu ke kira hima. Annabi ya keɓe Naƙi'i, Umar ya keɓe Rabaza. Kabawa sun san wannan: Matan Fada a Argungu ba a shiga da koma sai Sarkin Ruwa ya buɗe, shi ya sa ake fito da giwan ruwan da mutum ɗaya ba ya ɗagawa. Maori suna da irinsa, suna kiransa rahui. A ƙarshen 2020 dangin Ngati Hei suka ɗora shi a kan tipa, wata halitta mai ɓawo biyu da ake kankarowa daga ƙasan ruwa da ƙarfe, a farkon 2021 dangin Ngati Paoa suka ɗora nasu a kewayen tsibirin Waiheke. Sai a 2022 gwamnati ta biyo sawu ta rufe kamun tipa a mafi yawan arewa, bayan aunawa ta nuna abin da masu nutso suka daɗe suna faɗi. A Leigh kuma, inda aka kafa gandun teku na farko a ƙasar a 1975, manyan tamure da lobsta sun dawo, bushiya ta ragu, ciyawar ruwa ta sake tsiro a kan duwatsun da suka zama fako.

A kan hima ɗin ne wata rigimar ta tashi a ƙarshen 2025, kuma a nan ra'ayina ya ɗan saɓa da na masu fatsa. Majalisa ta zartar da dokar kare mashigin Hauraki, ta ware yankuna 12 masu tsananin kariya inda aka hana mai fatsa jefa ƙugiya, amma a biyu daga cikinsu aka bar wasu 'yan tsirarun masu ƙananan jirage su ci gaba da kewaye kifi da taru don sayarwa. A watan Nuwamba masu fatsa suka jero motoci ɗaruruwa suna jan jiragensu suka ƙetare gadar Oklan don nuna fushi. Gwamnati ta ce ƙananan masunta ne masu kai kifi mai araha ga iyalan birni. Malik ya kawo a ƙarshen Muwaɗɗa wasiyyar Umar ga bawansa Hunayyu da ya sa a kan hima: ya umarce shi ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tare dabbobin Ibnu Aufin da na Ibnu Affan, domin su idan dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino, shi kuwa talaka zai zo ne da 'ya'yansa ya tsaya a ƙofar Sarkin Musulmi. Sahabbai biyu daga cikin goma da aka yi wa bushara da Aljanna aka tare, saboda suna da madogara. A bisa wannan ma'auni, mai jirgin shaƙatawa da motar jan sa ya fi kusa da Ibnu Aufin, mai ƙaramin taru da matar da ke sayen kifinsa a kudancin Oklan su ne masu 'yan tumaki. Tsoron masu fatsa shi ne ƙofar da aka buɗe wa 'yan tsirarun nan gobe kamfani zai nemi shiga ta cikinta, kuma malaman Malikiyya, masu toshe hanyar ɓarna tun daga nesa, ba za su ce tsoron banza ba ne. Ni dai da za a tambaye ni, zan bar ƙananan masuntan, da sharaɗin a rubuta sunayensu, kada izinin ya zama abin sayarwa ko gado, a kuma buga abin da suka kama kowace shekara inda kowa zai karanta. Jiragen da ke jan taru a ƙasan mashigin suna kankare gidan kifi, waɗanda har yanzu doka ta bar musu fili mai faɗi a cikinsa, su ne suka fi cancantar jerin motocin nan.